Tambayi Injiniya: talla na fasa kunne, tafsiri na tsagewa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ware, masu su ba su san juna ba, uwar gida ce da yaron masallaci da ma'aikacin rediyo da kuma mai situdiyo, amma da na karanta sai naga duk ciwonsu ɗaya ne, wata 'yar na'ura ce mai danne sautin da ya yi ƙarfi da muke kira kwamfiresa. Ba ta firji ba, ba kuma ta mai faci ba, ta sauti.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya, dan Allah inada tambaya, abun na damuna wallahi, in muna kallon fim da daddare sai na ƙaro murya sosai kafin naji me ake cewa amma da an sako talla sai kaji kamar an kunna lasifikar gidan biki a falo, jiya har jaririna ya farka saida nayi awa guda ina jijjiga. Maigida yace dikodar ce ta lalace a sayi sabuwa ni kuma nace da gangan masu tashar ke ƙarowa. Waye mai gaskiya? Daga wata uwar gida a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana jariri. Ki ce wa maigida ya adana kuɗinsa, dikoda lafiyarta lau. Ke kika fi kusa da gaskiya, sai dai ba wai akwai wani zaune a tasha yana jiran talla ya murɗa ba, tun a situdiyo aka dafa ta haka.

Kinga kowane sauti akwai tazara tsakanin mafi sanyinsa da mafi ƙarfinsa. A fim akwai raɗa, akwai takun ƙafa, akwai hira, can kuma sai harbin bindiga ko karon mota. Shi kuma sautin dijital rufi gare shi, muna ce masa 0 dBFS, ba abin da ke wuce shi, duk lambar da aka sa wa alamar - a gaba ƙasa da rufin take, girman lambar sanyin sautin. To mai haɗa sautin fim dole ya ajiye hira a ƙasa don ya bar wa bindiga fili a sama, in ba haka ba bindiga da gaisuwa sai su zo daidai, fim ya rasa armashi. Mai talla kuwa daƙiƙa 30 ya saya kuma so yake ko kina kicin kiji sunan kayansa, ba ruwansa da raɗa, sai ya sa kwamfiresa ta danne duk wuraren da suka yi tsini, sannan ya ɗaga gaba ɗayan sautin har ya kusa taɓa rufi ya zauna a nan.

Ki ɗauka mudu biyu ne na gari, ɗaya an zuba a sake, ɗaya mai awo ya danna ya girgiza ya sake dannawa. Bakin mudu ɗaya ne, nauyi ba ɗaya ba. Shekara da shekaru yawancin mitocin da ke tashoshi bakin mudun kawai suke dubawa, wato ƙololuwar sauti, saboda haka talla da fim duk sun bi doka a ido, kunne ne ke shan wahala. Sai a 2006 hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fitar da ma'aunin BS.1770 wanda ke auna nauyin sautin kamar yadda kunnen mutum ke jinsa, shi ne asalin abin da ake kira LUFS. A 2010 ƙungiyar kafafen yaɗa labarai ta Turai EBU ta ce kowane shiri da kowace talla su zauna a -23 LUFS, ƙa'idar da ake kira R128. Amurkawa su sai da abin ya kai majalisa, a 2010 aka yi dokar CALM kan tallan talabijin mai ƙara, ta fara aiki a Disambar 2012, su kuma -24 suke bi. Kinga ba ke kaɗai aka taɓa tayar wa da jariri ba.

Mu nan tun da aka fara komawa talabijin na dijital a Jos a Afrilun 2016 hoto ya washe, amma dijital ba ya daidaita murya da kansa, sai tasha ta auna kayanta da mudu ɗaya kafin ta tura. Kafin su yi, ki shiga saitin sauti na talabijin ɗinki ki nemi Auto Volume ko Night Mode, sunan ya danganta da kamfani, ki kunna. Ita ma wata 'yar kwamfiresa ce a ciki, za ta ɗago hira ta danne talla. Fim zai ɗan rage armashi amma jariri zai yi barci.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ne ke ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu ina sawa kai tsaye a Facebook da laftof da manhajar OBS. Matsalar itace mai jan baƙi muryarsa a ƙasa take mutane na ta rubuto ba ma ji ba ma ji, in na ƙaro kuma da Malam ya ɗauki zafi ko jama'a sunyi kabbara sai sautin ya tsage kamar ana yaga ƙyalle, in na rage a koma gidan jiya, haka nake wuni hannuna akan miksa. Wani yace in sa kwamfiresa na sa amma sai ƙarar janareta da fanka ta ƙaru. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka da alheri da wannan hidima. Tambayarka ita na fi so a duka, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Kafin mu taɓa kwamfiresa, ina makirfo yake? Yawancin ba ma ji ba ma ji ɗin nan daga nan take. Duk lokacin da tazarar baki da makirfo ta ninka, kayi asarar kusan dB 6, dB shi ne awon ƙarfin sauti. Malam ya saba, bakinsa na kan makirfo, shi kuma alaramma kansa na sunkuye kan Alƙur'ani makirfo na kallon hularsa. Ka ba kowa nasa, ka sauko da na alaramma ya fuskanci bakinsa a yadda yake zama in yana karatu, tazarar yatsu huɗu zuwa taƙi ɗaya, kowa da layinsa a miksa. Kuma ka ɗauko sauti da waya daga miksa zuwa laftof, kar ka jingina makirfon laftof ko na wayar hannu kusa da lasifika, wannan amsa-kuwwar masallaci kawai kake tura wa mutane.

Tsagewar da kake ji kuwa rufin nan ne na 0 dBFS. Zamanin kaset in allura ta ɗan shiga ja sautin kumbura yake a hankali, har wasu na son haka. Dijital ba ya lallashi, abin da ya wuce rufi aske masa kai ake yi, kuma in an aske an aske, babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake. Saboda haka ka saita yadda maganar Malam ta yau da kullum za ta riƙa yawo wajen -18 a mitar OBS, in ya ɗauki zafi ta kai -10 ko -8. Kar ganin mita a ƙasa ya dame ka, filin da ka bari na kabbara ne.

Yanzu kwamfiresa. Aikin da hannunka ke yi a kan miksa shi take yi, sai dai ita ba ta gajiya ba ta kuma tafiya alwala. Maɓallin farko tireshol, shi ne layin da in sauti ya haura ta fara dannewa. Na biyu reshiyo, yawan dannewar. Bari mu yi lissafi. Ka sa tireshol -20, reshiyo 3:1. Alaramma na karatu a -24, bai kai layi ba, ba ta taɓa shi. Malam ya ɗaga murya zuwa -8, ya haura layi da 12, ita kuma cikin kowane 3 ɗaya take bari ya wuce, saboda haka 4 ne zai wuce, ya fito a -16. Da tazararsu 16 ce, yanzu ta koma 8. Sai ka ɗaga duka da 6 a maɓallin fita, alaramma ya dawo -18 Malam -10. An ji kowa, ba wanda ya taɓa rufi.

Sauran biyun na lokaci ne, kuma nan ake yin ɓarna. Atak shi ne saurin cafkarta. Ka bar shi wajen milisakan 10, milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya. In ka mayar da shi 1 ko ƙasa za ta riƙa cinye bakin haruffa, kuma mu harshenmu cike yake da haruffa masu tsini, ƙ ɗin ƙasa da ts ɗin tsoro da ɗan fashewa suke fita, ga ƙalƙala a karatu, in aka dakushe su magana sai ta zama kamar mai tuwo a baki. Rilis kuma saurin sakinta ne bayan ƙara ta wuce, ka fara da milisakan 200 ka saurara.

Maganar janareta da fanka, gaskiya ne, kuma ba laifinka kaɗai ba ne, haka halinta yake. Wancan 6 ɗin da muka ɗaga ba alaramma kaɗai ya ɗaga ba, har da duk wani abu mai sanyi a ɗakin, fanka, tari, kukan yara a waje. In ka danne da 15 ka ɗaga da 15 to janareta ma ya samu 15. Ni kaina na sha wannan kunyar shekarun baya a wani wa'azi da aka ce in riƙe sauti, na ƙure reshiyo na gajarta rilis ina ganin na iya, duk sanda mai wa'azi ya tsaya jan numfashi sai injin da ke bayan katanga ya taso wuuu, ya ci gaba da magana injin ya nutse, ya tsaya ya sake tasowa. Bayan an tashi wani dattijo da ya saurara a gida ya tare ni yace yaro yau har inji ke cewa na'am. Tun daga ranar nake kallon mitar da ke nuna yawan dannewa, in magana ce ba na so ta wuce dB 3 zuwa 6 a yawancin lokaci, sai dai in an yi kabbara.

Abin da zai rage maka ƙugin tun daga tushe, akwai ɗan maɓalli a layin makirfo na yawancin miksa da ke yanke ƙasan sauti, wato kaurinsa, daga wajen Hz 80 ko 100, Hz awon kaɗawar sauti ne a daƙiƙa, ka danna shi. Wutarmu a Hz 50 take kaɗawa, ƙugin janareta ma a ƙasan nan ya fi yawa, kuma lasifikar wayar da mutane ke saurare da ita dama ba ta iya fitar da wannan ƙasan, ba asarar da kayi. In har yanzu kana jin zzzz, zare cajar laftof ka ji, in ya ɗauke to daga wuta ne ba daga makirfo ba.

Wani zai ce maka ka sa get, mai rufe makirfo in an yi shiru. Ni a kan alaramma ba na so. Waƙafi sau da yawa da sauti mai sanyi yake ƙarewa, irin ha ɗin ƙarshen rahmah, get mai tsanani sai ya ɗauka shiru ne ya datse, ka ga ka taɓa karatu ba ka sani ba. In dole ne ka sa shi sama-sama.

A can ƙarshe ka sa limita a -1 ko -2. Ita kwamfiresa ce mai taurin kai, ba ta barin komai ya wuce. A OBS tacewar daga sama zuwa ƙasa take bi, saboda haka limita ce ta ƙarshe a jeri. Mai gadi ce, in kaga tana aiki kowane lokaci to wani abu ya yi yawa a gabanta. Ga masu saurare a waya, ƙungiyar injiniyoyin sauti AES ta ba da shawara a 2015 a zauna tsakanin -20 da -16 LUFS, kai ka nufi -16, akwai manhajar Youlean Loudness Meter ta kyauta da za ta auna maka. Ka gwada duk wannan da rana kafin a fara, ka sa wani yaro ya yi karatu wani ya yi ihu, ka saurara a ƙaramar waya ba a hedifon mai tsada ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina aiki a wata tashar FM, a rediyo muryarmu tas take har yabo ake amma a intanet masu sauraro daga waje na ƙorafi wai kamar muna magana a cikin ruwa kuma s da sh na ƙaiƙayi a kunne. Mun ƙara data bai gyaru ba. Daga wani ma'aikaci a Kano.

AMSA: Ɗan'uwa ban ga ɗakin injinku ba amma zan iya rantsuwa ɗayan biyu ne, ko dai kun jona rediyo a kwamfuta kuna tura abin da ya kamo, ko kun ɗebo daga bayan na'urar da ke gyara sauti don tiransimita. Duk tuwon FM ne kuke ba intanet, shi kuma cikinsa ba ya ɗauka.

FM na da nasa hali. Shuuu ɗinsa a saman sauti ya fi yawa, shi ya sa tun a tasha ake ƙara wa saman ƙarfi, rediyon mai saurare ya rage shi daidai gwargwado shuuu ɗin ya tafi tare. A tsarin ƙarin da ake bi a nan da Turai, wanda ake kira maikurosakan 50, ƙarin ya kai kusan dB 14 a kHz 15, na Amurka mai 75 ya fi haka. Ga kuma iyakar kHz 75 da ba a yarda siginar ta kauce daga lambar tashar fiye da ita ba. To don tasha ta yi ƙara cikin wannan ƙuncin, akwatin gyaran sauti, irin Optimod da Bob Orban ya fara fitarwa a 1975 ko Omnia, yakan daidaita matakin a hankali, ya raba sautin gida-gida, ƙasa da tsakiya da sama, ya danne kowane daban, a ƙarshe ya aske tsinin da gangan. A FM wannan askin yana ɓuya.

A intanet kuwa wani matsi ne daban ke jira, kuma a nan mutane ke rikicewa don a Turance suna ɗaya ake kiransu. Na farko danne ƙarfin sauti ne, wanda muke ta magana. Na biyu rage nauyin fayil ne, aikin MP3 da AAC da Opus, su zubar da abin da suke ganin kunne ba zai lura ba. Sautin da aka aske cike yake da ƙananan tarkace a sama, MP3 bai san tarkace ba ne, sai ya kashe ɗan abin da yake da shi wajen ɗaukarsu, muryar ta rasa nata kason. Ruwan da ake ji kenan, da ƙaiƙayin s.

Ku raba hanya. Yawancin akwatunan zamani na da mafita ta daban don dijital wadda ba ta da ƙarin saman nan kuma ba aski, limita ce mai hango tsini kafin ya iso ta rage shi. In naku tsoho ne ku ɗebo daga miksa ku bi da shi ta manhaja irin Stereo Tool a kwamfutar da ke turawa, da saiti mai sauƙi. Sannan in kuna tura MP3 a kbps 64 ko ƙasa, wato awon datar da ke fita a daƙiƙa, ku koma HE-AAC, wani nau'in AAC, a wannan ƙaramin awon ya fi shi nesa, shi ne ma rediyon dijital na DAB+ ke amfani da shi, irin wanda ƙasar Norway ta koma kansa da ta rufe tashoshin FM na ƙasa a 2017.

Wani abu kuma da nake gani a tashoshinmu, wakili ya turo rahoto ta WhatsApp, Opus ya matse shi, edita ya gyara ya adana a MP3, aka sa a iska, intanet ya sake matsewa. Hoton takarda ne ake ta yi daga hoton takarda, na uku ba ya karantuwa. Na WhatsApp ba yadda za ku yi, amma daga ya shigo gida ku riƙe shi a WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, har ya fita.

TAMBAYA: Oga ina da ɗan situdiyo, ina ƙure waƙa ta yi ƙara sosai amma in na ɗora a YouTube sai naji ta yi laushi, ta wasu ma da bata kai tawa ƙara ba ta fi ta duka. Ko YouTube na danne mu ne? Daga wani mai haɗa kiɗa a Jos.

AMSA: Suna rage ka, amma ba ƙiyayya ba ce, kowa ake yi wa. YouTube da Spotify duk wajen -14 LUFS suke daidaita abin da ya fi haka ƙara. In ka kai waƙarka -8, za su sauke ta da 6. Ƙarar da ka saya ta tafi, abin da ka biya kuma ba a dawo maka da shi ba, wato dukan ganga da tsinin kalangu da ka aske don ka samu ƙarar. Shi wancan da bai ƙure ba an bar shi yadda yake da dukansa, shi ya sa a mataki ɗaya ya fi ka. Ka danna maɓallin dama na maus a kan bidiyonka a kwamfuta ka buɗe Stats for nerds, akwai layin da ke nuna nawa aka rage maka.

Na san abin da za ka ce, masu tura waƙa a kasuwa da memori da lasifikar mai shayi ba ruwansu da LUFS, a can mai ƙara shi ke cin kasuwa. Gaskiya ne. To ka fitar da biyu mana, minti nawa ne. Ta kasuwa ka matsa ta yadda ka saba, ta intanet ka sassauta limita ka bar tsininta a -1, ka ɗora su a waya ɗaya ka daidaita ƙararsu da kunne ka ji wacce kalangunta ke magana.

Mai tambaya kan batirin sola da ke kumbura, na ga saƙonka, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, amma kafin nan ka cire shi daga ɗakin kwana.